"A BA NI IRIN WANNAN!": Rigimar neman gem ɗin yaƙi a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya yi zamani da shagon hayar kaset ya san wannan magana. Yaro zai dawo da kaset ɗin da ya kalla jiya, ya aje a kan kanta, ya ce, "A ba ni irin wannan." Mai shagon da bai san aikin sa ba sai ya dubi bangon kaset ɗin, in ya ga soja riƙe da bindiga ya lalubo wani mai soja da bindiga ya miƙa. Gobe yaron ya dawo rai a ɓace, ya ce fim ɗin bai yi ba. Amma mai shagon da ya goge ba ya gaggawa. Sai ya tambaya tukuna: me ya burge ka a ciki? Faɗan ne, ko waƙoƙin, ko kuwa wurin da jarumin ya mutu a hannun abokin sa? Domin mutum uku su na iya kallon 'Border' na Sunny Deol a tabarma ɗaya, kowa ya tashi da abin da ya ɗauka daban.

Yau shagunan hayar kaset sun zama tarihi. A Kankiya, a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina, da Kafin Soli, da Yashe da Gidan Mutum Ɗaya a ɓangaren Kusada, masu tura finafinai a waya ne su ka gaji wannan kujera. Kuma ba fim kaɗai ake nema a wurin su ba, har da gem. Yawancin samari dai ƙwallo su ke bugawa, ko gem ɗin harbi irin su Free Fire da Call of Duty. To amma akwai wasu 'yan tsiraru, galibi masu laftof irin ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da masu zuwa hutu daga manyan makarantun Katsina da Dutsinma, waɗanda su ka kamu da son wani nau'in gem na daban, wato na jagorancin yaƙi. Su ma maganar su ɗaya ce da ta yaron can mai kaset. Sun gama wanda su ke da shi kaf, su na neman irin sa. Kuma su ma sau da yawa a banza su ke ƙona data, da kuɗin caji, da dare guda na jiran abu ya sauka, a ƙarshe su buɗe su ga ba shi ba ne.

BA KAI NE MAI BINDIGAR BA

Ga wanda bai taɓa gani ba, bambancin a nan ya ke: a gem ɗin harbi, mai wasa shi ne sojan, ta idon sa ya ke kallon duniya. A wannan kuwa mai wasa kwamanda ne. Daga sama ya ke kallon fili kamar shaho. Shi zai tura a haƙo arziki, ya gina bariki da masana'antar tankoki, ya ɗauki sojoji, ya tura 'yan leƙen asiri, sannan ya yanke shawarar ta inda za a faɗa wa abokin gaba. Duk wannan kuma ba jiran juna ake yi ba. Lokacin da ya ke tunani, abokin gaba ma ya na can ya na gini. Shi ya sa Turawa ke kiran sa RTS, ma'ana dabarun yaƙi na nan-take. A taƙaice dara ce, amma darar da ba a cewa "jefa, yanzu kai ne da wasa". Kowa hannun sa na cikin gurbi a lokaci guda. Wanda ya yi langa ya na yaro ma zai gane abin da sauri: a kare ruwa, a tura masu ƙarfi gaba, a yaudari 'yan ɗaya ɓangaren su bi ta inda ba nan ba ne.

Kamfanin Westwood na garin Las Vegas a Amurka ne ya kafa wa wannan nau'i tubali da 'Dune II' a 1992, ya biyo da 'Command & Conquer' a 1995 da 'Red Alert' a 1996. Kamfanin EA ya saye shi a 1998, ya rufe shi a 2003. A cikin wannan shekara ta 2003 ne kuma EA ɗin ya fito da 'Command & Conquer: Generals' da ƙarin sa mai suna 'Zero Hour', wanda har gobe ake tura shi daga filas zuwa filas, domin tsohuwar kwamfuta ma ta na ɗaukar sa ba tare da ta yi nishi ba. Ɓangare uku ne a ciki: Amurka mai jiragen sama, Chaina mai tulin sojoji da ƙaton tankin nan Overlord, sai wata ƙungiyar 'yan tawaye mai suna GLA wadda ba ta buƙatar wutar lantarki, ta na yaƙi da a-kori-kura da ramukan ƙarƙashin ƙasa.

To a ɗauka samari biyar ne su ka taru a ɗaki ɗaya a Kankiya, dukkan su 'yan 'Zero Hour'. In aka zuba masu ido na awa guda za a ga abin mamaki. Na farko ya shafe minti arba'in bai kai wa kowa hari ba, ya na ta jera hasumiyoyin tsaro kamar mai gina ganuwa. Na biyu ba abin da ya ke jira sai agogon makamin nukiliya ya cika ya danna, ya ga gari ya tashi, ya yi ihu. Na uku ba ya ma buga gem ɗin in ba da mutum ba, shi dai ya ci abokin sa ya kwana ya na yi masa tsiya. Na huɗu labarin ya bi tun daga farko har ƙarshe, da labarin ya ƙare sai ya rufe. Na biyar kuma da tankoki shida ya ke yawo, in ɗaya ya ji ciwo sai ya janye shi baya a gyara, kamar mai kiwon shanun gado.

Gem ɗaya, dalili biyar. In aka ba su "irin sa" guda ɗaya, mutum ɗaya ne zai gode, huɗu su yi tsaki. Kama da wane, in ji Bahaushe, ba ta wane.

Wannan ba hasashen zaman shayi ba ne kawai, masana sun daɗe a kan sa. Tun a 1996 wani Bature ɗan Ingila, Richard Bartle, ya kasa masu gem gida huɗu: masu son tara nasara, masu son yawon gano abu, masu son hira da jama'a, da masu son murƙushe wasu. Daga baya wani masanin halayyar ɗan'adam, Nick Yee, shi da abokin aikin sa Nicolas Ducheneaut, su ka kafa kamfanin Quantic Foundry a 2015, su ka yi ta yi wa ɗimbin masu gem tambayoyi, su ka fitar da dalilai 12 da ke sa mutum ya riƙe gem, an haɗa su biyu-biyu gida shida. Akwai son ɓarna da son tashin hankali, akwai gasa da zumunci, akwai son abu mai wuya da son tsara dabara, akwai son kammala komai da son ƙarfi, akwai son shiga wata duniya da son labari, sai kuma son ƙawata abu da son gano sabo. Daga cikin abin da su ka gano, son gasa ya na raguwa sosai yayin da mutum ke manyanta, amma son tsara dabara ba ya saurin tsufa. Gaskiya dai yawancin waɗanda su ka amsa tambayoyin nan ba 'yan nahiyar nan ba ne, ba su san zafin NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi ba. Amma ma'aunin ya na aiki a ɗakin can na Kankiya daidai wa daida.

ƊAN KALLO A GABAN KWAMFUTA

A fara da na huɗun nan mai bin labari, tunda shi ne ɗan'uwan duk wani ma'abocin fim. Shi a zahiri fim ya ke nema, fim ɗin da za a ba shi kujerar darakta. Kuma ya yi sa'a, domin tsofaffin 'Command & Conquer' rabin su fim ne na sosai, da 'yan wasa na jini da tsoka a gaban kyamara. Tsakanin wannan fage da wancan sai a nuno janar ya dubi mai wasa ido cikin ido ya ba shi umarni. Bos ɗin su mai sanƙo, Kane, wani mai suna Joseph Kucan ne ya fito a matsayin sa, kuma shi ne ya ba da umarnin ɗaukar waɗannan fitowa a farkon jerin, wato darakta ne kuma mugu, kamar dai yadda ake yi a Kano in kuɗin furodusa bai kai ba. A 'Tiberian Sun' na 1999 an ɗauko James Earl Jones, mai muryar uban zakin nan na 'The Lion King', da Michael Biehn na 'The Terminator'. A 'Red Alert 2' na shekarar 2000 Udo Kier ne ya fito a Yuri mai juya tunanin mutane. A 'Red Alert 3' na 2008 kuwa har da Tim Curry da J.K. Simmons. Labarin 'Red Alert' kan sa ya isa fim: wai Albert Einstein ne ya koma baya cikin zamani ya kawar da Hitler tun bai zama komai ba, sai ga shi Stalin ya samu fili ya auka wa Turai.

In kuma ba barkwanci ya ke so ba, labari ya ke so mai sa jiki ya yi sanyi, to 'World in Conflict' ne nasa. Wani kamfanin Suwidin, Massive Entertainment, ya yi shi a 2007. An ɗauka cewa a 1989 Tarayyar Sobiyet ba ta durƙushe ba, sai ma ta sauke sojoji a birnin Seattle na Amurka. Alec Baldwin ne ke ba da labarin da muryar sa. Wanda ya kalli 'Red Dawn' na 1984 zai ji kamar ya dawo gida. Akwai kuma 'Act of War: Direct Action' na 2005, wanda marubucin littattafan yaƙi Dale Brown ya sa hannu a labarin sa, shi ma da fitowar 'yan wasa na gaske. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne kama da 'Generals' a fuska da hali, don haka shi ne amsa mafi sauƙi ga wanda bai san ma me ya ke so ba.

Amma kada a kuskura a ba wannan mutum 'Wargame: Red Dragon'. Bangon sa tankoki ne da jirage, sai a ce ai shi ke nan. Ina! Zai buɗe ya tarar da jerin makamai sama da dubu, kowanne da kaurin sulken sa da nisan harbin sa a rubuce, babu jarumi babu mugu. Minti goma ya yi yawa zai goge shi.

MAI GANUWA

Shi kuwa na farkon can da ya ƙi fita yaƙi, abokai na yi masa dariya su na ce masa matsoraci. Ba tsoro ba ne. Daɗin sa shi ne ya ga abu ya tashi daga fili fetal ya zama gari, sannan maƙiyi ya zo ya fasa kai a jikin bango. Jikan masu ganuwa ne, ba laifin sa ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Sauri ko Ƙofar Ƙaura a Katsina ya san cewa kakanni ma da gini su ka fara yaƙi.

Wannan mutum ba tanki ne ya dame shi ba, don haka ana iya fitar da shi daga zamanin bindiga gaba ɗaya bai ji komai ba. 'Stronghold Crusader' na kamfanin Firefly, wanda ya fito a 2002, kamar don shi aka yi. Hamada ce, ba a noma sai a ɗan koren da ke bakin ruwa, saboda haka tun kafin a zare takobi an fara rigima a kan gona. Sai ya shuka alkama, ya kai injin niƙa, ya kai gidan burodi. In ya tsawwala haraji ko abinci ya yanke, talakawa su tattara su bar masa garin, ya rasa wanda zai ɗauka soja. Bayan nan ne zai ja bango, ya haƙa gwalalo, ya ɗora maharba a hasumiya, ya dafa mai a tukunya ya jira baƙi. Cikin sarakunan da ake karawa da su har da Salahuddin, wanda 'yan kallo su ka sani a 'Kingdom of Heaven' na 2005 inda Ghassan Massoud ɗan Siriya ya hau matsayin. Akwai jerin fage 50 a jere, mai wuya na bin mai wuya, wanda zai iya cinye hutun makaranta guda. An sake sabunta gem ɗin a 2025, amma tsohon ya fi dacewa da tsohuwar laftof ɗin da aka sayo ta hannu a titin Beirut a Kano.

In kuma girman abu ne ke burge shi, ya ga masana'antu na aman tankoki ɗari-ɗari, sai ya nemi 'Supreme Commander' na 2007, inda ake iya ja da baya da kyamara har a ga taswirar duniyar yaƙin baki ɗaya. A waya kuma akwai ƙanin sa, 'Rusted Warfare'. Hoton sa ba abin a zo a gani ba ne, kyan sa a ciki ya ke: ba shi da nauyi, ya na yi ba tare da intanet ba, kuma abokai na iya haɗa wayoyin su a ɗaki ɗaya su gwabza.

Na biyun nan mai jiran nukiliya ba ya buƙatar dogon bayani. A ba shi 'Red Alert 2' da ƙarin sa 'Yuri's Revenge', ko 'Tempest Rising' da ya fito a 2025 in kwamfutar sa mai ƙarfi ce. Ya ga wuta, ya ji ƙara, an gama da shi.

WANDA YA SAN SUNAN SOJAN SA

Na biyar ɗin ne ya fi wuyar sha'ani, kuma shi aka fi cuta. Shi gini ɓata lokaci ne a wurin sa. Abin da ke ran sa shi ne yadda mutum goma za su ci mutum hamsin in sun san inda za su tsaya. Irin sa ne ke maimaita wurin nan a 'Lion of the Desert' inda Umar Mukhtar ya yi wa motocin Italiya kwanton ɓauna, ko minti ashirin na farkon 'Saving Private Ryan'.

'Company of Heroes' na kamfanin Relic da ke Kanada, na 2006, da irin wannan saukar ta bakin tekun Normandy ya buɗe, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin Spielberg zai gane inda aka ɗebo ruwan. A nan ba a haƙar zinari. Wurare ake kamawa a taswira, su ne ke kawo mai da harsashi da sababbin sojoji, in aka yanke maka hanya arzikin ya tsaya. Sojan da ya laɓe a bayan katanga ya fi wanda ke tsaye a fili daɗewa. Babbar bindiga mai jigida guda ɗaya ta na iya kwantar da runduna a ƙasa ta hana ta motsi, sai dai a zagayo ta baya. Tanki gaban sa tauri, bayan sa taushi. Akwai ma maɓallin janyewa, domin rundunar da ta tsira ta na ƙara gogewa, ta fi sabuwa daraja. Tun 2020 kamfanin Feral Interactive ya kawo shi wayar Android da iPhone. Na kuɗi ne, kuma ya na son waya mai ƙwari da fili a memori, amma sau ɗaya ake biya. Na uku a jerin, na 2023, ya kawo yaƙin har Arewacin Afirka.

Wanda ya ga wannan ma bai ishe shi ba, sai ya gangara wajen 'Men of War', na wani kamfanin Yukren mai suna Best Way, 2009. Nan kam abin ya zama aiki. Kowane soja da jakar sa, harsashi na ƙarewa, tanki na shanye mai, in sarƙar ƙafar sa ta tsinke sai wani ya fito da akwatin gyara ana harbin sa. Mai wasa na iya karɓe tanki ɗaya ya tuƙa da hannun sa ya saita bindiga. Wanda kuma ya fi son sanɗa, mutum shida su shiga sansanin maƙiyi cikin dare irin na 'The Guns of Navarone', to 'Commandos' na kamfanin Pyro da ke Sifen, wanda ya fara fita a 1998, shi ne gidan sa. Sai 'R.U.S.E.' na Faransawan Eugen Systems, 2010, wanda jigon sa yaudara ce tsantsa: tankokin katako, harin ƙarya, da kashe rediyo don maƙiyi ya kasa ganin motsi. Su dai waɗannan Faransawa ne su ka yi 'Wargame' ɗin can da aka hana mai son labari, kuma ga irin wannan mutum zuma ne. Abincin wani gubar wani.

Na ukun, mai son cin abokin sa, maganar sa ba ta gem ba ce, ta mutane ce. Gem mafi kyau a wurin sa shi ne wanda abokan sa ke da shi. In su huɗu ne masu 'Zero Hour' a unguwa, to ya zauna a nan, a haɗa kwamfutoci da waya ko wayfai a ɗaki, ba ruwan su da data. In kuma duniya ya ke son karawa da ita, 'StarCraft II' ya zama kyauta tun 2017, kuma na farkon sa ne ya kai har gidajen talbijin na Koriya ta Kudu su na nuna gasar sa kamar ƙwallo. Sai dai ya sani, wannan na son intanet mai tsayawa da ƙafar ta. Sabis ɗin da ke rawa da an yi hadari ba zai kai shi ko'ina ba sai hawan jini.

A nan ne kuma tarkon ya ke. Irin wannan mai zuciyar gasa shi ne abincin gem ɗin wayar nan da ake tallatawa dare da rana, masu hoton janar da tankoki da jirage. A ido sai a rantse 'Generals' ne. Da an shiga sai a tarar ba jagorancin yaƙi ake ba, jira ake. A danna gini, a ce sai bayan awa takwas, ko kuma a biya a gama yanzu. Wanda ya fi zuba kuɗi shi ke cin wanda ya fi dabara. Yaron da ke tara kuɗin ɗinki ko na aikin gona ba zai taɓa kamo attajirin da ke wata ƙasa ba, sai dai ya yi ta ciyar da wayar sa kamar akuyar da ba ta haihuwa. Gwaji mai sauƙi ne: in an kashe data gem ɗin ya ƙi buɗewa, kuma a cikin sa akwai kanti mai sayar da lu'ulu'u, to a yi hattara. Mutanen jihar nan sun ma san darajar abin da ke aiki ba sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsinma da Malumfashi, aka shafe watanni a haka. Duk wanda gem ɗin sa ke jingine da intanet a can, ranar ya zama hoto.

Tunda an taɓo tsaro, akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Yaƙi a allo daban, ƙarar bindiga a bayan gari daban, kuma ƙauyuka da dama a wannan yanki na tsakiyar Katsina sun san na biyun. A 'Zero Hour' akwai mayaƙan GLA masu kai hari a kan babura. Ga yaron da ke Landan abin dariya ne. Ga wanda aka taɓa kora daga gonar uban sa, ba lallai ya ga abin dariya ba. Haka kuma yadda aka zana GLA ɗin, da rawani da irin lafazin su, a 'Generals' ɗin da ya fito wata guda kafin Amurka ta auka wa Iraƙi a 2003, kuma fagen farko na ɓangaren Amurka a Bagadaza ya ke, ya isa ya sa mai hankali ya gane ta wace taga aka leƙo duniya. Ko a wancan lokacin hukumomin Jamus sun taƙaita sayar da shi, Chaina kuma ta hana. Wannan ma dalili ne da ke shiga cikin zaɓi, ko da ba ya cikin goma sha biyun Nick Yee: wani dabarar ya ke so, amma ba ya son ta zo masa da kayan da su ka yi kama da labaran ƙarfe shida.

LIFIDI A ALLO

Ga irin wannan, da ma duk mai son ya ga kan sa a cikin abin da ya ke bugawa, akwai labari mai daɗi wanda da yawa ba su ji ba. A watan Agusta na 2021 aka fitar da wani ƙari ga 'Age of Empires III: Definitive Edition' mai suna 'The African Royals', aka sa al'umma biyu: Habashawa da Hausawa. E, Hausawa. Babban birnin su a gem ɗin Kano ne, jagorar su Sarauniya Amina, a shekarar da fim ɗin 'Amina' na Izu Ojukwu ya hau Netflix. Akwai barade masu lifidi, da sunan su na Lifidi aka bar su. Akwai Maigadi, akwai maharban Fulani, akwai maroƙa masu kiɗa a fagen fama. Shanu dukiya ne da ake saye ana sayarwa, kuma ana ci gaba daga zamani zuwa zamani ne ta hanyar ƙulla ƙawance da maƙwabta irin su Songhai da Yarabawa. In aka danna mutum sai ya amsa da Hausa. Ba a rasa wuraren da masanin tarihi zai ɗaga gira ba, kamar dai yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan fim ɗin 'Amina' ɗin kan sa. Amma yaron da ya saba ganin lifidi da sulke sai ranar hawan Sallah, ya wayi gari ya na tura su yaƙi da linzamin kwamfuta, ba ƙaramin abu ba ne. Yayan sa, 'Age of Empires II', tun 2015 ya ke da daular Mali da labarin Sundiata, ga kuma na Tariƙ bin Ziyad, ban da na Salahuddin da ke ciki tun fitowar sa a 1999.

Matsalar ɗaya ce, wannan na Hausawan ya na son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma saye ake yi. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai na halak kuma kyauta, ba sai an je ga kwafin sata mai ɗauke da bairos da zai cinye aikin makaranta ba. 'OpenRA' ya farfaɗo da tsohon 'Red Alert' don kwamfutocin yau. 'Warzone 2100' na 1999 ya zama na kowa tun 2004, kuma a cikin sa mutum ne ke haɗa tankin sa da kan sa, ya zaɓi jiki da ƙafa da bindiga. '0 A.D.' na masu son zamanin takobi ne. A watan Fabrairu na 2025 kuma EA da kan sa ya saki asalin rubutun da aka gina 'Generals' da 'Zero Hour' da shi, abin da ya buɗe wa masu gyare-gyare ƙofa su ci gaba da yi wa tsohon dokin sabon sirdi.

Saboda haka in saurayi ya tsaya a gaban mai tura finafinai a tashar Kankiya, ko ya tura wa yayan sa da ke Kano saƙo ya duba masa a Farm Centre, sunan gem kaɗai bai isa ba. Sai ya haɗa da wurin da ya fi yi masa daɗi a tsohon, da wurin da ya ke tsallakewa, da irin na'urar da ke hannun sa, da ko shi kaɗai zai buga ko da abokai. Mai ganuwa ya tafi da 'Stronghold Crusader', mai tankoki shida ya tafi da 'Company of Heroes', ɗan kallo ya tafi da Kane da Yuri. Shi kuwa na ukun, da wuya ya karɓi komai. Zai koma ɗakin nan ne ya jira a kawo wuta, domin akwai wanda ya ci shi jiya kuma bai rama ba.